Katifar Inna da numfashin 'yar fari

Ku matso, ku kasa kunne. Yau ba tatsuniya zan yi ba, abin da ya wakana ne a kan idona. Ni nake faɗa, jikata ke sawa a takarda, domin ni hannuna taɓarya ya sani da muciya, bai san alƙalami ba.

A Duwala aka yi, a unguwar Hausawa ta New Bell, zamanin da Faransa ke riƙe da ƙasar, ana tsakiyar aikin gadar kogin Wuri. Gidanmu karabot ne, wato gidan katako, da rufin ganyen tukurwa. Duwala kuwa garin ruwa ne. Ruwa daga sama, ruwa daga ƙasa, iska ma jiƙaƙƙiya. Ka ajiye takalmin fata a ƙarƙashin gado, kafin ka waiwayo ya yi farin gemu na fumfuna.

Mu huɗu ne a gidan. Akwai maigidana, mahauci a kasuwar unguwa. Akwai mahaifiyarsa, Inna, Bazazzagiya, wadda ta biyo mijinta fataucin goro tun da ƙuruciya, ya rasu ya bar ta a nan. Akwai ni. Akwai kuma yarinyar, 'yata ta fari.

Ku na yanzu kuna rungumar 'ya'yanku na fari a bainar jama'a, kuna kiran sunansu daga wannan bango zuwa wancan. Mu ba haka muka taso ba. Ɗan fari kunyarsa ake ji. Ba ki faɗin sunansa, ba ki yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ya fasa baki sai ki kau da kai, wata ta ɗaga shi. Ranar da aka yaye yarinyar, Inna ta ɗauke ta da zanin goyonta, ta shige ɗakinta da ita. Daga ranar ta zama 'yar Inna. Ni kuwa in zan ambace ta sai in ce “yarinyar nan taku,” kamar baƙuwa ce ta zo kwana biyu.

Kada kowa ya ce Inna ba ta son ta. Wallahi ta so ta fiye da idonta. Ƙawata take ce mata. Tsokar da ta fi laushi cikin naman da maigida ya kawo, ta ƙawarta ce. Kuma a wuri mafi daraja a gidan take kwantar da ita, a kan katifarta.

Bari in gaya muku katifar nan. Da audugar rimi aka cika ta, rimin da ke ƙofar gidan uban Inna a Zazzau. Uwarta ce ta tsince audugar da hannunta, ta ɗura a cikin saƙi mai ratsin baƙi da fari, ta ɗinke, ta ba ta ranar da za ta bar gida. A kan jaki katifar ta yi tafiya, ta hau kwalekwale, ta hau jirgin ƙasa, har ta iso bakin teku. A kanta Inna ta haifi 'ya'yanta, a kanta mijinta ya cika. A saman katifar akwai matasan kai, su ma na rimi, da bargo, da buzu a gefe na salla. A ƙarƙashin gadon akwai tsofaffin kwandunan goro da ganyensu, na marigayi, ba a taɓa su. Kyanwar Inna kuma wajen ƙafafun yarinyar take kwana. Ɗakin kullum a rufe, kullum da turaren wuta, ko wace kafa ta katako an cusa mata tsumma don kada iskar teku ta shigo.

Da yarinyar ta fara wayo, har tana iya ɗaukar ƙaramin tulu, sai fuka ta kama ta. In abin ya taso, ƙirjinta ya riƙa kuka kamar 'yar kyanwar da aka kife da ƙwarya. Ta dafa gwiwoyi, ta ɗaga kafaɗu, fatar wuyanta tana shigewa ciki, tana jawo iska kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi. Inna ta ce sanyi ne. A garinsu duk ciwon ƙirji sanyi ne, maganin sanyi kuwa rufi da wuta. Sai ta ƙara tsumma a kafofi, ta ƙara bargo, ta ƙara garwashi a kasko. Ta ba ta zuma da citta, ta shafa mata man shanu, ta karɓo rubutu wajen malam. Babu abin da ba ta yi ba, Allah ya ji ƙanta.

Ni ina tsakar gida ina daka, ina jin kukan ƙirjin ta cikin katako. Sai in ƙara ƙarfin taɓarya don kada a ga fuskata.

Ana nan, ana nan, wata damina ruwa ya yi kwanaki bai ɗauke ba. Kwatar bayan gida ta cika ta tumbatsa. Ɗakin Inna shi ne a gangare, ruwa ya shiga har idon sawu. Maigida ya ɗaure katifar da igiya ya rataye ta a jikin azara, Inna da ƙawarta suka dawo ɗakina.

Ɗakina ba ɗakin da ake nuna wa baƙi ba ne. Marainiya aka kawo ni, kayana kaɗan. Gadon gwangwala, tabarma, akwati ɗaya, da tagar da marfinta ya karye, iska na shiga yadda ta ga dama. Inna ta dubi ɗakin ta ce, “Nan kam ko ɓera ya shigo sai ya yi miki jaje.” Ta ce kuma sanyin tagar nan zai ƙarasa mata ƙawa.

Amma me? Yarinya ta kwana, ta tashi, babu kuka a ƙirji. Ta sake kwana, ta tashi, ta cinye kokonta ta nemi ƙari. Kafin ruwa ya janye har tana bin agwagwar maƙwabta da gudu a cikin taɓo, tana ƙyalƙyala dariya, dariyar da na manta muryarta. Inna ta ce rubutun malam ne ya fara aiki.

Ruwa ya janye, aka sauko da katifa, suka koma. Ba a jima ba 'yar kyanwar nan ta dawo cikin ƙirji.

Na riƙe wannan a zuciyata. Sai kuma wata rana da hantsi, rana ta ɗan leƙo, Inna ta fito da matashin kai tana bugunsa da sanda, yarinyar na tsaye kusa da ita. Ban ga wata ƙura mai yawa ba, wani ɗan hazo ne kawai da warin rima. Yarinya ta yi atishawa, idanunta suka yi ja, kafin azahar tana dafe da gwiwoyi. A nan na tabbata. Ban san sunan abin ba, amma na san gidansa.

Sanin abu daban, bakin faɗinsa daban. Ni wace ce da zan yi magana a kan 'yar fari, kuma a kan gadon surukata?

Na fara ta wajen maigida. Ya dawo daga kasuwa bayan la'asar, yana tsugune yana wanke wuƙaƙensa.

Na ce, “Malam, ɗakin Inna akwai danshi.”

Ya ce, “Duwala duka danshi ce.”

“Katifar nan fa ta sha ruwa shekara da shekaru, ba ta taɓa bushewa har ciki ba.”

“Me katifa ta tsare miki?”

“Ni ba ta tsare mini komai ba. Mai kwana a kanta nake ji.”

Ya ajiye wuƙa ya dube ni. “Inna dai ba ta yi ƙorafi ba.”

“Ba Inna nake nufi ba.”

Ya waiga ya ga ko akwai mai jin mu, ya rage murya. “Ke, yau kuma? Ina kunyarki ta tafi? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Da wane baki zan je in ce wa uwata gadon da ta haife ni a kai shi ne ciwo? Ki bar wa Allah.”

Na bar wa Allah, amma ban bar tsintsiya ba. Sharar ɗakin suruka aikina ne, babu mai hana ni. Sai na riƙa yayyafa ruwa kafin in share, don kada komai ya tashi sama. Na riƙa goge katako da jiƙaƙƙen tsumma, inda fumfuna ta yi baƙi a kusurwa in kankare da toka. Na jawo kwandunan goro zan share bayansu, kyankyasai suka watse kamar an fasa taro. In na gama sai in zare tsumma ɗaya biyu daga kafofin bango, in kori kyanwa waje.

Inna ba yarinya ba ce. Ta ce, “Ke 'yar nan, shara kike yi ko ban ruwan albasa?”

Na ce, “Ƙura nake kwantarwa, Inna.”

“Wa ya zare mini tsummokarana?”

“Wataƙila ɓera ne.”

“To, ɓeran nan mai zani da kallabi, in kin gan shi ki ce ina gaishe shi.” Ta mayar da tsummokaranta, ta kira kyanwarta.

Haka muka yi ta yi, ina zarewa tana cusawa. Abin ya ɗan lafa, bai tafi ba, domin uwar ciwon tana nan shimfiɗe a kan gado.

Sai ranar da Allah ya kawo. Bayan azahar ne, gari ya yi lumshi, zafi da danshi kamar an rufe mutum a tukunya. Fukar ta taso wa yarinyar tun safe, ta ƙi sauka. Matan maƙwabta biyu sun shigo taya ni surfe. Na ga Inna ta ɗebi garwashi a kasko, ta barbaɗa wani garin magani da aka ba ta na turare, ta shiga ɗaki, ta ja ƙofa. Na san abin da za ta yi: za ta zaunar da yarinyar a kan katifa, ta lulluɓe ta da bargo tare da kaskon, hayaƙi ya kori sanyi.

Ina daka, ina saurare. Kukan ƙirjin ya ƙaru, ya yi tsini. Ina daka. Ya ƙara tsini. Sai kuma na daina jin sa.

Ku ji da kyau, ku masu 'ya'ya. Kukan fuka abin tsoro ne, amma shirunta ya fi.

Na saki taɓarya ta faɗi. Na nufi ƙofar da ban taɓa shiga ba sai da sallama da durƙuso, na bankaɗe ta. Hayaƙi ya tare ni. Na yaye bargon. Tana zaune, baki buɗe, leɓɓanta sun koma kalar toka, idanunta a kaina. Na sunkuce ta.

Inna ta ce, “Ke! Lafiyarki? Ajiye mini yarinya, iska za ta buge ta!”

Na ce, “Iskar nake nema mata, Inna.”

Na fito tsakar gida, na ɗora ta a bayana, na ɗaure da mayafina, a gaban matan nan biyu. Ɗaya ta riƙe haɓa ta ce, “La ilaha illallahu, 'yar fari a baya?” Na fita ko takalmi babu. Rabona da goyon ta tun ranar yaye. Ƙafafunta har suna bugun cinyoyina, amma nauyinta bai kai na tulun ruwa ba.

Akwai dispansar a bakin babbar hanya, ɗakin magani na gwamnati. Na ratsa taɓo, na tsallake katakan da aka gitta a kan kwatoci, na wuce masu soya ayaba, ina jin haƙarƙarinta na motsi a bayana, ina cewa a raina, ja, ja, kada ki daina ja. Ashe Inna na biye da ni, tsohuwa da sanda, kallabi a karkace.

Ma'aikacin da muka tarar wani dogon mutum ne ɗan ƙasar, da farar riga. Kallo ɗaya ya yi wa yarinyar ya ture layi. Ya zaunar da ita a miƙe, ya yi mata allura a dantse. Muka zuba ido. Can sai kukan ƙirjin ya dawo, ban taɓa murnar jin sa ba sai ranar. Daga nan ya yi laushi, ya yi laushi, jini ya komo leɓɓanta.

Mutumin ya sunsuna rigarta ya yamutsa fuska. Ya dube mu mu biyu, ya yi tambaya da Turancin kasuwa, wanda duk mai sayen kifi a Duwala yake ji: “Na hu bi mami?” Wace ce uwar?

Inna ta buɗe baki. Na riga ta.

Na ce, “Ni ce. 'Yata ce.”

Kalma biyu ke nan da ban taɓa haɗawa a bakina ba. Na ji Inna ta ja numfashi a gefena.

Ya tambayi inda take kwana da abin da take kwana a kai. Na faɗa masa duka, ban rage ba, katifa da matasai, bargo da kyanwa, turare da rufaffiyar taga. Ya ce allura tana buɗe ƙirji ne na ɗan lokaci, ba ta raba mutum da fuka. Ya ce a nisanta ta da hayaƙi da tsohuwar shimfiɗa da danshi, in kuma ya sake tasowa haka a kawo ta da gudu. Inna ta ji, domin ita ma tana sayen kifi.

Muka dawo gida. Labari ya riga mu isa. Mata na leƙe ta kan darni, na ji wata na cewa, “Ga ta nan, mai ido a tsakar ka.” Maigida ya dawo ya tarar da yarinya a ɗakina a kan tabarma, ya tsaya a tsakar gida kamar wanda aka dasa, ya rasa ɗakin da zai fara shiga.

Washegari da hantsi na je ƙofar Inna, na yi sallama, na durƙusa. Na riga na yanke shawara, ko da za a ce in tattara akwatina.

Na ce, “Inna, na yi rashin kunya, ki yafe mini. Amma ba za ta sake kwana a kan katifar nan ba.”

Ta daɗe tana jan carbi. Sannan ta ce, “Wato ƙwace ta za ki yi.”

“Ban ce ba.”

“To ki ji. Ni aka ba riƙo, ban kuma gaji ba. Ba a taɓa karɓe ɗa daga hannuna ba, ba za a fara a kan ƙawata ba.” Ta ɗora tafin hannunta a kan katifar, ta shafa saƙin a hankali, kamar mai shafa kan jariri. “Kawo wuƙa.”

Na ɗauko ƙaramar wuƙar maigida. Na aiki yarinyar zuwa gidan maƙwabta, muka jawo katifar tsakar gida mu biyu. Inna da kanta ta farke ɗinkin da uwarta ta yi. Ni na zaci farar auduga zan gani. Abin da ya fito dunƙule-dunƙule ne, baƙi da kore, jiƙe, ya marmashe, ga ƙwayayen kyankyaso jere a bakin ɗinki, ga wari mai shaƙe maƙogwaro. Ni kaina sai da na yi tari.

Inna ta tsura masa ido. Ta ce, “Fara sol uwata ta ba ni ita.” Ta share ido da bakin mayafi, ta ce maigida ya zo ya kwashe, ya kai can bayan gari ya binne, kada ya ƙona, hayaƙin ya dawo mana.

Daga ranar muka shiga yaƙi, ni da ita, ba tare da mun shirya ba. Matasan rimi suka bi katifa. Kwandunan goro ta ce a bar mata ɗaya, na wanke shi da ruwan zafi na rataye a zaure. Bargo da buzu suka koma akwati. Na zare tsummokaran bango duka, wannan karon a gabanta, maigida ya fasa wata taga ta biyu don iska ta shiga ta fita. Ya kawo yashi da tsakuwa aka ɗaga daɓen ɗakin, ya yashe kwatar baya. Kyanwa ce aka fi yin rigima a kanta, Inna ta ce korar kyanwa alhaki ne. Maigida ya ce ba kora ba ce, ƙarin girma ne, ya ɗauke ta zuwa rumfarsa ta nama, inda ta yi ƙiba har ba ta gane mu. Murhu na mayar can ƙarshen gida. Turaren wuta kuwa, wanda Inna ba ta taɓa wuni babu shi ba, sai ta riƙa fita zaure ta turara kayanta ita kaɗai, ta jira ƙamshin ya lafa kafin ta shigo.

Saƙin katifar na tafasa shi a babbar tukunya, na sake tafasawa, na shanya har ya bushe ƙayau. Aka sayo gadon gwangwala irin nawa, aka shimfiɗa tabarma, aka ɗora saƙin a kai. Duk ranar da rana ta fito, ko ina tsakiyar tuƙin tuwo ne, sai in sauke in fitar da shimfiɗa. In damina ta hana rana, in tafasa ruwa in zuba wa gwangwalar, in busar da zannuwa a gefen murhu. Aikin ba ya ƙarewa, domin fumfunar Duwala ba ta san an kore ta ba, kullum sai ta dawo gaisuwa. Ni ma kullum ina nan da tokata da tsummana.

Ba zan ce muku fukar ta tafi ba, ƙarya ba ta kamace ni da furfura ba. Takan taso in an yi sauyin yanayi, ko ta yi mura, mun kuma koma dispansar ba sau ɗaya ba. Amma shirun nan na ranar surfe bai sake dawowa ba. Yarinya ta yi tsawo, ta yi kumatu, ta shiga makarantar allo tana ɗaga murya fiye da kowa.

Inna ta yi wata da watanni ba ta kira ni “'yar nan” ba, sai dai ta ce “a gaya wa uwar yarinya,” da gatse, ko da ni kaɗai ce a tsakar gida. Mata a gidan suna da gidan biki suka daɗe suna nuna ni da baki. Na ɗauka, ban mayar ba. Tsohuwa kuma ta kwana a kan gwangwala har ƙarshen ranta, kullum da safe tana dafe da ƙugu tana cewa, “Ƙawata, kin ga abin da kika ja mini, ƙasusuwana sun zama na busasshen kifi.” Yarinya ta ce, “To ki koma katifarki mana.” Inna ta ce, “Ja can, ja'ira. Wa zai riƙa yi mini minshari a kunne?”

Da Inna ta zo cikawa, a kan saƙin nan take, tagogi biyu a buɗe. Ta kama hannun ƙawarta ta sa a nawa, ta ce, “Karɓi riƙonki. Na dawo miki da ita tana numfashi.”

Yarinyar nan yanzu ita ma kaka ce, ɗiyarta ce ke riƙe da alƙalamin nan. Ga ta can a tsakar gida tana shanya zannuwan gado, tana faɗa da jikoki kan sun shigo da kyanwa. Mai rubutu ta ɗago kai tana tambayata, wai in faɗi sunanta a sa a takarda. Ba zan faɗa ba. Sau ɗaya na ajiye kunya, ranar da ake neman iska, na kuma samo. Nan labarin ya tsaya, tashi ki buɗe mini tagar can.